Dillali a Ƙofar Gidan Baba

Daren Laraba, Tudun Wada

Tun da Yaya Sani ya dawo daga wani taro a unguwar Rayfield ba shi da zance sai kirifto, kuɗin nan na intanet. Wai an ƙirƙiro sabuwar hanyar kulle bayanai: kwamfuta za ta yi lissafi a kan dukiyarka tana kulle, ba tare da kowa ya ga abin da ke ciki ba. Ya ce duk wanda ya zuba jari kafin duniya ta farga ya haye.

Inna ta bari ya gama, ta ce, "Sani, in babu mai gani, ranar rigima wa zai yi shaida? Babanku ko akuya bai taɓa sayarwa babu shaidu ba."

Ya yi dariya. "Inna, ai lissafin ne shaida."

Wataƙila fasahar gaskiya ce, ni ban sani ba. Amma da la'asar na ga Yaya da wani dillalin gidaje a ƙofar gida, mutumin yana ƙare wa katangarmu kallo.

Ban gaya wa Inna ba. Tana can tana barci a ɗakin da aka riga aka yi wa kuɗi.