Wasiƙa a Kan Mai Gadin da Na Ɗaukar wa Kwamfutar Gida

Zuwa ga ɗana Babba,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya kai da iyalinka. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a nemanku. Mu nan sai godiya. Gwiwar nan tana nan tana halinta, matar Auta kuma ta sauka lafiya, an samu mace. Ƙanwarka ce ke riƙe da biro, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana, don na san ku, tun da kuka yi boko kuke ganin bakina yana bukatar kanikanci.

Maganar kwamfutar da ka aiko ce. Ka san abin da ke cikinta: hotunan marigayiya mahaifiyarku da muryoyinta guda biyar da ka zuba. Kowace la'asar nakan kunna ɗaya in zauna. Shekara hamsin ina haɗa ƙofofi ina sa makullai, saboda haka na ƙera mata akwati da katako mai kyau, na sa kwaɗo biyu, mabuɗan suna aljihuna. Ba ka taɓa gaya mini cewa ɓarawonta ba ta ƙofa yake shigowa ba. Ƙanwarka ka gaya wa, wai Baba ba zai gane ba. To ita tana asibiti wurin aikinta ranar da jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar yana ƙara. Na kira tela maƙwabcina, ya karanta ya ce wai cuta ta kama kwamfutar, in danna nan a ba ni magani kyauta. Ni kuwa ban saba korar wanda ya zo taimako ba, na danna. Washegari hoto ya ƙi buɗuwa, murya ta ƙi fita.

Tela ya ce in kai ta wurin mai gyara a bayan layin masu walda. Da na je na tarar mace ce, sai da na juya zan tafi, tunanin mahaifiyarku ya mayar da ni. Shagon nata ɗan ƙarami ne, wayoyi sun rataya kamar yaɗon kabewa, ga kusoshi ƙanana da ko yatsana ba zai kama ba. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta yi dariya ba, abin da ku ba kwa iyawa. Ta ce jan rubutun nan da ya yi mini ihun ɓarawo shi ne ɓarawon, kura ce da fatar akuya. Kwana biyu tana fama. Da ta kira ni ta danna, sai ga muryar mahaifiyarku tana kiran Auta ya kwashe shanya kafin ruwa ya sauko. Na juya fuskata wajen bango, ita kuma ta yi kamar tana neman wani abu a ƙasan tebur.

Daga nan ta ce sai na zaɓi manhajar tsaro, wato mai gadin da zai zauna a ciki, ta nuna mini guda uku. Na ce ta zuba su duka, tunda kwaɗo uku ya fi ɗaya. Ta ce za su ɗauki juna ɓarayi su kaure da faɗa kamar zakaru a akurki ɗaya, kwamfutar ta tsaya cik. Na yi gardama har sai da ta gwada mini da wata tsohuwa ta shagonta, gani ya kori ji. Sai na ce to zan tantance su yadda nake ɗaukar ma'aikaci. Na tambayi asalin kowanne, da wanda zai tsaya masa, da ko yana da surutu. Na farko ta ce yawan talla gare shi, na ce mai gadi mai roƙo ba na so. Na biyu nauyi gare shi, zai cinye ƙarfin injin. Na uku shiru-shiru ne, masu gwaji da ba su da haɗi da kamfaninsa sun yabe shi.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wai kowace safiya ana aiko masa da kamannin sababbin ɓarayi. In aka kama ɗaya a wata ƙasa da ban taɓa jin sunanta ba, kafin in idar da alwala nawa ya san fuskarsa. Mutanen da ba su san ni ba, ba su san mahaifiyarku ba, suna zaune can suna gadin muryarta! Na yi ta tasbihi a hanya. Lallai in da ranka ka sha kallo. Na ukun nan na ɗauka. Ta kuma kwafe komai a wani ɗan abu kamar ɗan yatsa, ta ce ko mai gadi na da kyau kada in tara dukiyata wuri ɗaya, in kuma wani rubutu ya sake yi mini ihu in kashe in kira ta.

Amma murya huɗu kawai ta dawo. Ta biyar ta lalace, mai gyara ta ce ta fi ƙarfinta. Ita ce wadda take mini faɗa a kan na ƙi zuwa asibiti, tana cewa taurin kaina zai kai ta kabari, sannan ta fashe da dariya. Duk cikin biyar ɗin, a wannan kaɗai ta yi dariya. Da tsohuwar wayarka ka ɗauka. Don Allah ka bincika, ko wayar ta mutu ka kai a tashe ta. In ka samu, ni za ka kira, ba ƙanwarka ba, ka kunna mini in ji da kunnena kafin ka aiko.

Ka gaishe mini da matarka, da Takwara, da 'yar baƙata mai wushirya. Gwaggonka da Auta da mai jego suna gaishe ku, tela ma ya ce a sa sunansa ko da yake har yanzu ban gama huce masa ba. Allah ya yi muku albarka.

Ni ne mahaifinka,
Tsohon kafinta.