Hanyar Gudu

Enid, Oklahoma, 3 ga Fabrairu

Royce,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafarka ta warke. Wata takwas ke nan da muka binne ƙanena Wendell, ko ƙeyarka ban gani ba. Kai da ka shekara goma sha huɗu kana cinye mini soyayyar kaza, yau waya ma ba ka ɗauka.

'Yan sanda sun dawo da abin da aka tsinta na motar da guguwa ta farfasa, har da kyamararka. Ranar da za a tuna da shi a coci ina so a nuna hoton bidiyon tafiyarku ta ƙarshe, ka tashi ka yi bayani. Mutanen garin nan gani suke haukan bin guguwa don ɗaukar hotonta ne ya kashe shi. Ka zo ka gaya musu yana da hankali.

Ka gaida mahaifiyarka.

Loretta

Woodward, 19 ga Fabrairu

Yaya Loretta,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ƙafa ta warke, saura ban sani ba.

Wendell yana da hankali, ya fi ni. Shi ya kafa mana doka: mai tuƙi ba ya kallon sama, mai taswira ba ya taɓa kyamara sai ya faɗi hanyar gudu. Duk inda za mu tsaya sai ya ce, "Sarkin taswira, ina mafita?" In na yi jinkiri ya ce, "Kai, ko kakata ta fi ka sauri, kuma ta rasu." Har yau in hadari ya haɗo daga yamma sai in ji muryar nan.

Don Allah kada ki nuna hoton. Ranar nan guguwar ta sauko da kyan da ban taɓa gani ba, na ajiye taswira na ɗauki kyamara. Da ya tambaye ni na ce, "Gabas, kwalta ce." Ban duba ba, Yaya, da ka na faɗa. Mil ɗaya muka yi kwaltar ta ƙare, sai jar laka da ta sha ruwa. Muka kafe. Ya ce in fita in shige kwalbati, shi zai sake gwada motar. Na fita.

Tun daga ranar ban sake kallon sama da daɗi ba, kuma ina jin kunyar numfashin da nake yi. Ba zan iya tsayawa gaban mutane ba. Ki yafe mini in za ki iya.

Naki cikin ladabi,
Royce

Enid, 2 ga Maris

Royce,

Na gaishe ka. Tun a Janairu na kalli hoton, na ji tambayarsa, na ji amsarka. So nake in ga ko za ka faɗa da bakinka.

Akwai abin da ba ka ji ba, don a kujera ka bar kyamarar tana ɗauka. Bayan ka fita bai sake gwada motar ba. Sunanka yake ta kira, yana cewa ka sa kanka ƙasa.

Na gwada yafe maka, wallahi na gwada, abin ya ƙi. Ba za a nuna hoton ba. Ga taswirarka na saka a ambulan, a ninke take yadda aka same ta.

Ka zauna lafiya. Kada ka zo.

Loretta