Labarin da na ƙaga wa akushi ya ci mutuncin wani dattijo

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki, ina gaida duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah ki ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma na sauya su. Abu ɗaya nake roƙo, ku bari ku kai ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, domin duk baƙar maganar da za ku faɗa min na riga na faɗa wa kaina.

Warin kafur ne ya fara tarbata a ranar da na fara shiga wurin, irin fararen ƙwayoyin nan da ake zubawa cikin kaya saboda ƙwari. Sito ne na wani ƙaramin gidan adana kayan tarihi a nan Kaduna. Ni ma'aikaciya ce a wani ɗan kamfani da ke tsara wa hukumomi shafukan intanet, kuma an ba mu aikin ɗaukar hoton kowane kaya da ke gidan mu ɗora shi tare da bayaninsa, yadda ɗalibi zai zauna a Rigasa ya gan shi a waya. Mai kula da siton wani dattijo ne, zan kira shi Baba Haladu. Ya haura shekara talatin a wurin, kuma kowane kaya akwai katin da ya rubuta masa da hannunsa: daga ina ya zo, wa ya kawo shi, me ake yi da shi. Tun ranar farko ya laƙaba min suna. Yakan ce, "'Yar kwamfuta, riƙe shi da hannu biyu, wannan tulun ya girmi kakar kakarki." In ya miƙo min goro na ce ba na ci, sai ya ce, "To ai shi ke nan, ku dai sai cingam."

A aikinmu akwai wata al'ada. Idan muna zana shafi kuma ainihin bayanin bai iso ba, mukan cike gurbin da wasu kalmomin Turawa marasa ma'ana, don kawai a ga yadda tsarin zai zauna. Kafin a buɗe shafin ga jama'a, wani abokin aikinmu zai sa kwamfuta ta nemo waɗannan kalmomi duk inda suka rage, a goge. Ni kuwa tun ina makaranta nake rubuce-rubuce, kuma raina ba ya so in ga kaya mai kyau zaune a kan surutun banza. Sai na riƙa rubuta nawa ɗan labarin a gurbin, don nishaɗin kaina. In katin Baba ya iso, in goge nawa in sa nasa. Haka na yi wa dukkansu, ban da guda ɗaya.

Wani baƙin akushi ne, ya tsage a gefe an ɗinke shi da zaren fata, ɗinki ƙanana a jere kamar na mai tsoron kada ya ji zafi. Katinsa gara ta cinye, lamba kawai ta rage. Na daɗe ina kallonsa, sannan na rubuta cewa na wata mata ce, Inna Dije, wadda ta riƙa kai wa leburorin da suka shimfiɗa layin dogo tuwo kyauta, kuma ranar da akushin ya faɗi ya tsage ta ƙi sayen sabo, ta ce wannan ya riga ya san hannuwansu. Anti, babu wata Inna Dije. A cikin keke mai ƙafa uku na haife ta, tsakanin Mando da Kawo. Da yake babu katin da zai zo ya maye gurbin labarin, sai na manta da shi. Da abokin aikina ya yi bincikensa bai ga komai ba, tunda nawa rubutun Hausa ne tsaf. A ƙasan kowane shafi kuma akwai layin da ni da kaina na tsara, mai cewa majiyar wannan bayani Malam Haladu ne.

Ranar bikin buɗe shafin na gane ban goge labarin ba. Babbar baƙuwar, wata hajiya, ta tsaya gaban allo ta karanta labarin da ƙarfi, muryarta ta karye, ta sa gefen mayafi ta goge ido. Aka yi ta tafi. Kun san abin da na ji? Ba tsoro ba ne ya fara zuwa. Daɗi na ji. Kalmomina sun sa babbar mace kuka a gaban jama'a. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni kunya, ya fi ƙaryar kanta. Me ya hana ni in matsa kusa da ogana in raɗa masa a kunne? Minti biyu ya isa in goge shi.

Da aka watse Baba ya same ni ina naɗe wayoyi. Ya sauke tabarau ya dube ni.

"'Yar kwamfuta, ita wannan Inna Dijen a ina kika san ta?"

Na ce, "A katin na gani, Baba, kafin gara ta ƙarasa shi."

Mutumin da ya san kowane kati kamar 'ya'yansa, na dubi idonsa na faɗa masa haka. Can ya ce, "To. Allah Ya sa mu dace." Ya juya ya tafi.

Labarin ya bazu. Aka fito da akushin daga sito aka sa shi a gilashi a tsakiyar zaure. Malamai suka riƙa kawo 'yan makaranta, wata ƙungiyar mata ta buga hotonsa a riguna. Kullum in ce gobe zan faɗa, kullum abin ya ƙara girma har ya fi ƙarfin bakina. Sai ga wata mai bincike daga jami'a ta zo tana son rubuta littafi a kan matan da suka yi rayuwa a gefen layin dogo. Ta nemi katin, babu. Ta bi tsofaffin unguwanni, babu wanda ya taɓa jin sunan. Ta kuma ce irin sassaƙar akushin ma ba ta wannan yanki ba ce. Ta rubuta wa shugabannin gidan takarda, aka kafa kwamiti, kuma sunan da ke ƙasan shafin shi aka kira.

Ogana ya tara mu a ofis ya ce, "Mu abin da aka ba mu muka ɗora. Kada in ji wani ya ce uffan. In wannan ya shafe mu, babu hukumar da za ta sake ba mu aiki a garin nan." Ya dube ni ya ce, "Ke kika shigar da bayanan, daga wurin tsohon kika samu, ko ba haka ba?" Na gyaɗa kai. Ban ma buɗe baki ba, kai kawai na gyaɗa, kamar hakan zai rage zunubin.

Suka karɓe makullan sito daga hannun Baba, suka mayar da shi teburin bakin ƙofa inda baƙi ke rubuta sunayensu. Abin da ya fi wannan ciwo, an ce duk katunan da ya rubuta a shekara talatin yanzu abin shakka ne, an ɗaure su a kwalaye, an hana masu bincike dogara da su. Saura wata biyu ya yi ritaya, kuma da wannan tabon zai tafi gida. Ni kuwa har yanzu nakan je gyaran shafin, dole in wuce ta gabansa. Ya miƙo min biro ya ce, "'Yar kwamfuta, ya aiki? Ya mutanen gida?" In karɓa in rubuta sunana in wuce. Na daina rubuce-rubucena gabaki ɗaya. Mamana tana tambaya me ya sa na rame, na ce aiki ne. In na ɗaga hannu zan yi addu'a sai in rasa ta inda zan fara, domin na san hakkin mutum ba ya faɗuwa sai shi ya yafe, kuma ta yaya zai yafe abin da ban amsa ba?

Duk tsawon watannin nan ina zaton bai tona ni ba ne don ba shi da hujja. Sai makon jiya sakatariyar gidan ta rage min hanya a motarta, hira ta kawo mu kansa. Ta ce ai ita ta buga masa amsar da ya ba kwamiti, wata takwas da suka wuce. A ciki ya rubuta cewa shi ya faɗa min labarin da bakinsa, daga abin da ya ji yana yaro, ni rubutawa kawai na yi. Ta ce ta tsayar da bugun ta tambaye shi, "Baba, ka tabbata haka za a rubuta?" Ya ce mata, "Buga kawai. Ita yanzu ta fara, ni na gama."

Anti, ga inda na tsaya. In na yi shiru, zai tafi a matsayin wanda ya ƙirƙiri tarihi, aikinsa ya ruɓe a kwali. In na fito na faɗi gaskiya, aikina ya tafi, wataƙila da na abokan aikina, kuma zan tabbatar wa kwamitin cewa Baba ya yi musu ƙarya a rubuce da sa hannunsa. Ko gidansa ban iya zuwa ba, sau biyu ina kaiwa bakin layinsu in juyo. Saura wata biyu. Don Allah 'yan uwa, me zan yi?