Zanen da Na Ɗaura a Kasaragod

Zuwa ga Bara'atu, farin watan Tozai, sanyin idona, ruwan randa ga wanda ya wuni a gona, inuwar da nake hange tun daga bayan teku. Sallama da gaisuwa mai tarin yawa daga bawan Allahn da kika riƙe wa zuciya, kika sallami gangar jikinsa ta je Indiya karatun haɗa magani. Ina fata kina lafiya, da Inna, da Baba Alhaji Na'Allah, ko da yake na san kwanakin nan sunana ba ya yi masa daɗin ji.

Labari ya iso ni, abar ƙaunata. Ƙanwata Naja'atu ta kira ni tana magana tana kuka, don ita ta ɗora hoton nan nawa mai zane a wayarta har ya zagaya Tozai, ya ci kasuwar Isa, ya dawo mana gida Sabon Birni. Ta ce Baba Alhaji ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Ba ni ba da ɗiyata ga namiji mai ɗamrin zane." Ta ce da an gama girbin gero zai mayar wa iyayena goron sa rana. Tun da na ji haka, in na buɗe littafi sai in ga fuskarki a tsakanin layuka.

Amma Naja'atu ta faɗa mini wata magana da ta tashe ni tsaye. Wai a gidan biki 'yan mata suka sa ki gaba, suna tambaya ranar ɗaurin aure wa zai ara wa wani zane tsakanina da ke. Ba ki yi kuka ba, ba ki zagi kowa ba, kika gyara zama kika ce, "Ko tabarma ya ɗamra, shi ni ka so." Kai, Bara'atu! Wace uwa ce ta haifi irinki? Ni da nake taƙama da tsagar Gobir a kumatuna, ashe jarumtar tana can Tozai ta yafa mayafi. Na maimaita maganar nan har abokin ɗakina ya zaci wuridi nake yi.

Kin tuna la'asar ɗin da na zo yi muku bankwana? Hadari ya haɗo daga gabas, muna zaure, kina wasa da bakin mayafinki ba ki ko dube ni ba. Kika ce ke ba ki taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba, don haka duk abin da za ni gani in duba da ido biyu, guda nawa guda naki. Na ɗauki alkawari. Wannan alkawarin ne ya kai ni inda na ɗaura zane, don haka bari in ba ki rahoton idonki tun daga farko.

Da aka ba mu hutu, abokin karatuna Shihabu ya gayyace ni garinsu Kasaragod, wata gunduma a bakin teku, kudu da Mangalore inda muke karatu. Jirgin ƙasa muka hau. Bara'atu, ƙasa ce da Allah Ya yi wa wanka bai goge ta ba. Ko'ina kore shar, kwakwa ta tsaya kai da kai kamar giginyar fadama, gidaje masu jan rufi sun ɓuya a ƙarƙashinta, garin nan bai ƙare ba wancan ya soma. Na duba da idona na ce masha Allah, na duba da naki na ce ina ma tana nan.

Ya fara kai ni Ananthapura, inda ɗakin ibadar Hindu yake zaune a tsakiyar tafki. Daga bakin ruwa muka tsaya, muna kallon masu ziyara suna shiga ba takalmi, riƙe da furanni. Suka ce akwai kada a tafkin wanda ba ya cin nama, sai dafaffiyar shinkafar da ake ba shi. Na ce to, Allah mai iko, amma ni ɗan bakin gulbi ne, na ja ƙafata baya. Ban ga kadan ba, ban kuma matsa in gan shi ba.

Ranar Juma'a da safe muka je Bekal, tsohuwar ganuwa ta jan dutse da ta miƙa ƙirji cikin teku. An bar ƙananan kafofi a jikinta inda masu tsaro suke leƙen jiragen abokan gaba. Da na hau hasumiyarta sai Alkalawa, tsohon birnin Gobir, ta faɗo mini, na ce da kakanninmu sun sami dutse irin wannan, da yau ba kufai muke nuna wa baƙi ba. Sannan na juya na ga tekun. Ina za ni samo kalmar da za ta ɗauke shi? Ruwa ne da ba shi da ƙetare, yana numfashi kamar mai rai, yana zuwa yana komawa bai gaji ba, kamar yadda tunaninki yake yi mini. Na ce idonki ba zai yarda da kallo daga nesa ba, na sauka har kan duwatsu. Ban ankara ba wata taguwar ruwa ta taso ta yi mini wanka daga wuya har ƙafa.

Ga Juma'a ta matso, ga ɗaya wandona na wanke tun jiya, kuma a damunarsu wanki ba ya bushewa. Mahaifin Shihabu, dattijo mai farin gemu wanda yawunsa ba ya bushewa da karatu, ya buɗe akwatinsa ya ɗauko mini sabon mundu. Shi ne zanen da mazansu suke ɗaurawa, fari fat mai siririn baki ruwan zinariya. Da hannunsa ya ɗaura mini, yana murmushi, kamar mai naɗa wa ɗansa rawani. Ke ki faɗa mini, ya za ni yi? In ce wa mai masaukina tufarsa ta mata ce, alhali ita ce a ƙugunsa? Baƙo ko da gemu yaro ne, na yi godiya na bi bayansa.

Masallacin Malik Dinar muka je, a unguwar Thalangara, kusa da inda kogin Chandragiri yake zuba a teku. Mutanen garin suna cewa yana cikin masallatan farko a ƙasar Indiya. Katako ne sassaƙaƙƙe, ya sha shekaru har ya yi duhu yana sheƙi, ga hubbare a gefe inda ake zuwa ziyara daga nesa, kamar yadda namu suke zuwa Sakkwato. Na duba sahun gaba: liman da zane, ladan da zane, attajirai da masunta kafaɗa da kafaɗa, kowa da zane. Aka kabbarta, na ji Fatiha irin tamu ba ragi ba ƙari, hawaye suka zubo mini. A sujada na roƙi Allah Ya ba ni ke. Da muka fito ne, zuciyata fal, na tsaya a ƙofar masallacin aka ɗauke ni hoton, na aika wa Naja'atu ta nuna miki, don idonki ya ga inda aka ambaci sunanki.

Yanzu ga roƙona, hasken raina. Kada ki ja da Baba, kada ki ɗaga masa murya saboda ni. Mutuncinki yake karewa, kuma duk mai kare mutuncinki ina bayansa, ko da ni ya kora. Ki je wurin Gwaggo Larai, ita ce yayarsa, ita kaɗai take iya faɗa masa magana ya yi shiru. Na tura wa Naja'atu wani hoton na dattawan masallacin sun jeru, ki karɓa ki nuna wa Gwaggo. In ta ga dama, ta tambaye shi a hankali me ya ɗaura a ƙugunsa ranar da ya tsaya Arfa. Ni bakina bai isa ya faɗi wannan ba, naki ma bai isa ba.

In ya huce, falillahil hamdu. In bai huce ba, za ni jira ya huce, ko gero nawa za a girbe. Na ga kwakwa, na ga ganuwa, na ga ruwan da ba shi da iyaka, ban ga abin da ya kai zaman da kika gyara a gidan bikin nan ba.

Zanen kuwa na wanke shi, na ninke, na sa a ƙasan akwati. Ba za ni sake ɗaura shi ba, ba kuma za ni yar da shi ba. Naki ne. In Allah Ya nufe mu da aure Ya ba mu ɗa, ranar suna a cikinsa za ki naɗe shi, ni kuma za ni durƙusa in miƙa wa Baba Alhaji jikansa. A ranar za mu gani ko zai ce ba ya karɓar namiji mai ɗamrin zane.

Naki da wando, naki da zane, naki har ranar da za a naɗe ni a farin ƙyalle na ƙarshe,

Hafizullahi