Wanda Ya Wanke Kofi Na Uku

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifiyarku ce nake rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, babu wanda ya sa ni. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, bai ce komai a kan ƙwaƙwalwa ba. Matar da ta yi shekara arba'in tana ƙulla kisa a takarda tana kwancewa ba za ta ruɗe wurin rabon kujeru ba. Babba, Malama, Auta, ku zauna wuri ɗaya ku karanta, kada wani ya tsallaka zuwa shafin ƙarshe. Auta, da kai nake.

Na ɗaya. Gida da abin da ke ciki a raba yadda shari'a ta tsara, ba ni da ta cewa. Roƙona kawai, ku bar wa Malama teburin rubutuna mai gajeriyar ƙafa ɗaya, da ƙamus ɗin da na tokare shi da shi. Babba ya ɗauki littattafan magunguna da na guba da ke saman kanta, ya kai laburare, kada matarsa ta gani ta daina cin abincin gidanmu.

Na biyu. Wasiƙun masu karatu suna cikin kwali uku a ƙarƙashin gado. Akwai tsohon ɗan sandan da ya yi shekara goma yana gyara mini kurakurai. Ku rubuta masa cewa shi ke da gaskiya a kan maganar makullin nan, girman kai ne ya hana ni faɗa.

Yanzu ga abin da ya sa na tara ku.

Kun san yadda nake aiki. Babin ƙarshe nake fara rubutawa, in sa a ambulan, in liƙe, in kai gidan waya in aika wa kaina. Idan ya dawo da hatimi da kwanan wata, sai in ajiye ba tare da na buɗe ba, sannan in fara babi na ɗaya. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya sha yi mini dariya, wai ni kaɗai ce matar da ke soyayya da kanta ta gidan waya. Dalilina kuwa, na san halina. Idan na yi wata shida tare da mai kisa, na ba shi uwa da yarinta da ciwon baya, sai tausayinsa ya kama ni, in fara neman wanda zan ɗora wa laifinsa. Ambulan ɗin ne ke riƙe mini hannu.

Shekara talatin da suka wuce, ina ɗauke da cikin Auta, na rubuta littafin da ya fi duk littattafaina. An tsinci wani attajiri a mace a falonsa, ga kofuna uku a kan tebur, biyu da ragowar shayi, na ukun an wanke shi an kife. Kawunku, ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke buga mini rubutu a tafireta lokacin, don rubutuna kamar tafiyar kaza yake. Haihuwa ta zo da gardama, na yi wata huɗu a asibiti ban san inda kaina yake ba. Da na fito, sai na ga littafina a tagar wani kanti, da sunansa a bango.

Ku yi tunanin abin da na ji, ga jariri a baya, ga ɗinki bai warke ba. Littafin ya ci lambar yabo, ya sa Kawunku a gidajen rediyo, har yau kuma da shi ake gabatar da shi a taro. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bai ƙara rubuta wani abin kirki ba, wai ilhama ce ta ƙi dawowa.

Da na ce zan tona masa asiri, kakarku ta kama ƙafata tana kuka, tana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na yi mata alkawarin zan yi shiru iya tsawon raina, na kuma faɗa mata ban ɗauki alkawarin bayan nan ba. Na cika. Na zauna a sahun gaba ranar da aka ba shi lambar, na tafa har tafin hannuna ya yi zafi. Na dafa masa abinci, na rungumi 'ya'yansa. Amma kada ku ɗauka na yafe. Ban yafe ba, ko na rana ɗaya, shi ma bai taɓa roƙo ba.

Abin da bai samu ba shi ne babin ƙarshe, don yana cikin ambulan. Sai ya ƙirƙiro nasa, ya rataya wa direba laifin, bawan Allah da na ajiye a gareji tun babi na biyu. Shekara talatin ke nan masu karatu suna tambayarsa wa ya wanke kofi na uku, shi kuma yana murmushi yana cewa sirrin marubuci ne. Bai sani ba ne.

Ni zan faɗa muku. Ƙanin mamacin ne, wanda kowa ya amince da shi. Ya wanke kofin ne don tun yana yaro ba ya iya tashi ya bar kofin da ya sha a ciki. Allah shaida, na rubuta haka kafin Kawunku ya cuce ni, aron ɗabi'arsa kawai na yi don ta burge ni. Kun san wanda ke shiga kicin ɗinmu ya wanke kofinsa ya kife duk ranar da ya zo. Ya buga littafin da yatsunsa, shafi ɗari biyu, bai gane kansa ba.

Na uku. Ambulan ɗin yana wurin lauya, a liƙe, hatiminsa ya girmi littafin da shekara guda. Ƙungiyar marubuta za ta yi taron tunawa da ni, Kawu kuma zai nemi ya yi jawabi, don ba ya ganin abin magana ya ƙyale. Ku ba shi wuri. Ku bar shi ya yabe ni, ya share hawaye, ya ce a wurinsa na koyi riƙon alƙalami. Idan ya gama, Malama ta tashi cikin ladabi, ta gaishe shi, ta tambaye shi wa ya wanke kofi na uku. Ku ba shi lokaci, kada ku katse shi. Sannan lauya ya nuna hatimin ga jama'a, ya buɗe, Babba ya karanta da ƙarfi, sannu a hankali. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Na huɗu. Daga nan ku nemi kamfanin da ya buga littafin ya sake buga shi da sunana da babina. Abin da ya ci a kai ya riga ya ci, kada ku bi. Sunana nake so, da wanke direba.

Na biyar. 'Ya'yan Kawu ba su saci komai ba. Auta, ka je gidan babbarsu kwana ɗaya kafin taron, ka faɗa mata gaskiya, don ta zaɓi zuwa ko zama. Za su yi fushi, ku jure, ku ci gaba da zuwa ko ba a ba ku wurin zama ba. Zumunta a ƙafa take. Shi kansa Kawu idan ya kwanta ciwo ku kai shi asibiti, kawunku ne. Babba da Malama kuma, gabar da kuke yi tun kan maganar makarantar yara ta ƙare daga yau, kuna da aiki tare.

Saura abu ɗaya. Kawu zai zo duba ni a gadon asibiti, zai riƙe mini hannu, zan ga furfurarsa in tuna yaron da na goya. Mai yiwuwa ku ji na ce a bar maganar. Kada ku saurare ni. Wannan takardar na kai ta gidan waya da ƙafata, ku duba hatimin.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ba ku 'ya'yan da za su ji ƙanku yadda kuka ji nawa. Ku riƙe juna, ku riƙa cin abinci tare ko sau ɗaya a wata. Ranar taron kuma, ku tabbata an kawo wa Kawu shayi.