Ni na rubuta, Yayana aka dakatar

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Alhamis ta sama. Ni ce mai ba mutane magani safe da yamma, yau ga shi na rasa wanda zan sha. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, ban saba kai kuka ba, ban san inda ake tsayawa ba.

Shekarata talatin da shida. Na karanta harhaɗa magunguna a jami'a, ina da ɗan shagon magani a bakin titin da ya bi ta gaban sakatariyar ƙaramar hukumarmu. Daidai ƙofar shagon akwai rami a tsakiyar kwalta. Lokacin da na kama hayar wurin bai fi faranti ba. Yanzu idan an yi ruwa, agwagin maƙwabta a nan suke wanka. Sau biyu ana zuwa da rumfa da kujeru da lasifika a ƙaddamar da gyaransa, a yi jawabi, a yi tafi, a ɗauki hoto, a kwashe kujeru. Ni kuma nake wanke wa masu babur ciwo idan ya kayar da su.

Wata bakwai da suka wuce na buɗe shafi a intanet, ba da sunana ba. Ban zagi uwar kowa ba, ban ce wani ya saci kwabo ba. Sanarwa kawai nake rubutawa, irin wadda ƙaramar hukuma take fitarwa. Ta farko ta naɗa ramin ƙofar shagona mai ba Shugaban ƙaramar hukuma shawara na musamman kan harkokin ruwa, bisa la'akari da cewa ya fi kowane famfo a garin riƙe ruwa. Ta biyu ta ƙara wa janareton asibiti girma saboda ya cika shekara biyu yana hutu ba tare da ya tayar wa kowa da hankali ba. Daga baya na fitar da gargaɗi ga fitilun titi, kada wata ta kuskura ta kama sai da izini a rubuce.

Mutane suka yi ta turawa juna. Ma'aikatan sakatariya kansu a kan kantata suke karantawa idan sun shigo sayen maganin ciwon kai. Wata daga ofishin albashi ta yi dariya har ta zauna a kan kwalin ruwan gishiri, ni kuwa ina ƙirga mata ƙwaya fuskata kamar ta mai zaman makoki. Ba zan yi miki ƙarya in ce don talakawa kaɗai nake yi ba. Na ji daɗin abin.

Kuskurena shi ne na yi aikin da kyau fiye da kima. Yayana, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ne babban akawu a ofishin wasiƙu da fayiloli na sakatariyar. Shekara ashirin da tara yana wurin. Ina 'yar sakandare yakan dawo da aiki gida, ni nake buga masa a tsohuwar tafireta, yana tsaye a kaina da jan biro. Shi ya koya mini inda lambar fayil take zama, da yadda kowane sashe yake da nasa haruffan, da cewa ba a rubuta "mun yanke", sai dai "an umarce ni da in sanar", da yadda ake jera waɗanda za a ba kwafi a ƙasa, babba kafin ƙarami. Ashe hannuna bai manta ba. Lambobin da na ƙirƙira sun bi tsarin ofishinsu tsaf.

Wani mai neman dariya a cikinsu ya buga takardar fitilun nan a firinta, ya cusa ta cikin fayil. Ta isa teburin shugaban sashen ayyuka. Bawan Allah ya sa hannu, ya rubuta a gefe cewa an gani, a aiwatar. Sai da ta wuce tebur biyu kafin wani ya karanta abin da ke ciki.

Da labari ya kai kunnen Shugaba, aka ce ya buga tebur ya ce mai rubutun nan ɗan gida ne. Sakatare ya ce mutum uku ne kawai a tarihin ofishin suka iya tsara takarda haka babu kuskure, biyu sun yi ritaya. Washegari aka dakatar da Yaya. A shekara ashirin da tara, wannan ne karo na farko da aka yaba aikinsa a bainar jama'a.

Ba shi kaɗai ya sha ba. Akwai tela a layinmu, mutum mai raha, wanda ya tura sanarwar ramin a shafinsa ya ƙara da fuskar dariya guda uku. 'Yan sanda suka ɗauke shi daga kan keken ɗinki, awo a wuya. Kwana biyu ya yi. Ba a sake shi ba sai da ya tsaya ƙarƙashin hoton Shugaba ya karanta takardar ban haƙuri, ana ɗaukar bidiyo. Yana dawowa masu haraji suka gano cewa allon shagonsa ya fi ƙa'ida da taƙi ɗaya, suka sa kwaɗo. An buɗe masa yanzu, amma ya koma ƙaramar waya, kuma idan ka gaishe shi ƙasa yake kallo.

Kwamitin ladabtarwa zai zauna a kan Yaya ranar Alhamis. Shekaranjiya mai taimaka wa Shugaba kan yaɗa labarai ya shigo shagona. Ajinmu ɗaya a sakandare, Rediyo muke ce masa, kuma har yau ba a samo inda ake kashe shi ba. Ya sayi maganin gyambon ciki, yana jiran canji ya ce, kamar zancen bai dame shi ba, ai abin mai sauƙi ne. Mai shafin ya zo ya tsaya inda tela ya tsaya, ya karanta abin da tela ya karanta, ya goge shafin, Yaya ya koma kujerarsa ranar Litinin. In ba haka ba, kora ce. Ban sani ba ko ya gane ni ne, ko kowane shago yake jefa wannan ƙugiyar.

Yaya yakan zo duk Litinin in auna masa jini. Wannan Litinin ɗin ma ya zo, kaya a goge, biro a aljihu, kamar mai wucewa ofis. Ina ɗaura masa abin awo a hannu sai ya kalli kantar magunguna ya ce, wanda ya tsara takardar fitilun nan ya manta bai sa kwafi ga mai binciken kuɗi ba, da ɗalibinsa ne da ya sha ranƙwashi. Sai ya ce, "Auta, nawa ya nuna?" Na faɗa masa. Ya hau sosai. Ya ce to, ya sauke hannun riga, ya tafi.

Ya sani, Anti. Sau biyu aka kira shi aka tambaye shi wa yake zargi, ya ce bai san kowa ba. Matarsa kuwa ba ta sani ba. Jiya ta kira ni tana cewa, ke da kike da boko, ki taimaka ki tsara wa Yayanki takardar roƙo mai kyau. 'Ya'yansu huɗu, babbar tana shekarar ƙarshe a kwalejin jinya.

Maigidana ya ce in goge komai in ja bakina, wai in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Na ce masa gemun na Yayana ne, ashanar kuma a hannuna aka ƙyasta ta.

Ga inda na tsaya. Ba zan tsaya ƙarƙashin hoton nan ba. Ban yi ƙarya ba, ramin yana nan, duk mai shakka ya zo da babur. Kuma ba zan zuba ido a kori Yaya da takardar da zai fi kowa ganin kurakuranta ba. Na riga na ɗauki hoto a bakin ramin, fuskata a buɗe, na rubuta sunana da cewa ni ce mai shafin, shi bai san komai ba. Saura in danna. In danna kafin Alhamis? Kuma ki gaya mini gaskiya, wannan ƙin ban haƙurin nawa jarumta ce, ko girman kai ne da wani yake ɗaukar mini nauyinsa?

Taki,
Mai shagon magani



Ƙanwata,

Ki ɗauke yatsanki daga kan wayar nan tukuna, ki saurare ni.

Ba ki yi laifi ba don kin yi wa rami dariya. Hukumar da za ta tsare tela kwana biyu a kan fuskar dariya uku ta fi titin bukatar gyara. Bidiyon nan kuwa ba don Shugaba ya huce ake ɗaukarsa ba, don sauran mutanen layinku su koyi kallon ƙasa ne. Ina tare da ke, kada ki karanta.

Amma hoton da kike shirin sakawa ba zai wanke Yayanki ba. Ki zauna a kujerar kwamitin na minti ɗaya. Suna neman ɗan gida, sai ga ƙanwar wanda suke zargi, wadda ya raina a ɗakinsa, ta fito ta ce ita ce. Ba za su ce ashe mun zalunce shi ba. Za su ce shi ya ba ta sirrin ofis, kuma sau biyu ya ɓoye mana. Yau ba su da komai a hannu sai zato da kyawun rubutu. Kina dannawa kin miƙa musu igiya. Alkawarin Rediyo ma haka yake: maganar baka ce ta mutumin da ya shigo sayen magani. In da gaske ne, ya kawo a rubuce. Ba zai kawo ba.

Kin tambaye ni jarumta ce ko girman kai. Akwai duka biyun, kuma kin san haka, shi ya sa kika tambaya. Inda girman kan ya fi fitowa shi ne har yau ba ki buɗe baki kin gaya wa mutumin nan ba. Kin sa aikinsa a caca sau ɗaya ba da saninsa ba. Yanzu kina shirin sake yanke masa hukunci, wannan karon da sunan ceto. Shirun da ya yi da aka tambaye shi wa yake zargi shawara ce da ya yanke da hankalinsa, yana da haƙƙin a tambaye shi kafin a rushe ta.

Ku nemi lauyan da ya san shari'ar ma'aikata gobe, ba jibi ba, ku gaya masa komai, har abin da kike jin kunyarsa. Ki tambaye shi musamman a kan lambobin fayil ɗin nan, domin a nan ne kaɗai suke da abin kamawa: barkwanci daban, takardar da za a iya ɗauka ta hukuma ce daban, kuma taki har sa hannu ta samu. Daga yau ki bar wannan tsarin, ki rubuta a saman shafin ƙarara cewa raha ce. Yaya ya nemi a ba shi tuhumarsa a rubuce, da hujjar da aka dogara da ita, ya kuma shiga zaman da wakilin ƙungiyar ma'aikata. Ofishin da yake rayuwa da takarda, takarda yake tsoro, kuma babu wanda ya san wace ce za ta hana su barci kamar Yayanki.

Kada ki goge shafin, ki adana kwafin duk abin da kika taɓa sakawa a wurin wanda kika amince da shi. Ki lura kuma, idan shafin ya yi tsit daga ranar da aka dakatar da Yaya, wannan ma za a karanta shi a matsayin shaida a kansa. Ko za a ci gaba da sakawa, da me za a saka, ki bar wa lauya da Yaya su faɗa. Ki sanar da ƙungiyar 'yan jarida da masu kare haƙƙin jama'a tun kafin a kira ki, don in an kira ki kada ki je ke kaɗai. Takardun shagonki su cika, ki auna allonki da kanki. Maigidanki ba matsoraci ba ne, yana lissafin wanda zai riƙe gida in an riƙe ki, ku zauna ku yi lissafin tare. Ki leƙa tela ma, ko da ɗinkin da ba ki bukata ne.

Idan Yaya ya ji komai ya ce ki dakata har a wuce Alhamis, ki dakata. Sati ɗaya ba ya kashe gaskiya, kuma bakinki naki ne bayan nan. Idan ya ce a fito, ku fito tare, lauya a gaba, a ranar da kuka zaɓa, ba ranar da aka zaɓa muku ba.

Ban haƙuri ɗaya ne ya wajaba a kanki, kuma ba a sakatariya za ki yi shi ba. Ki rufe shago da wuri yau, ki je gidansa da ƙafarki, ki zauna ƙasa, ki ce Yaya ni ce. Ya riga ya sani, amma bai ji daga bakinki ba. In ya yarda, matarsa ma ta ji, ita ce take ɗauke da rabin kayan nan a cikin duhu.

Allah ya mayar da shi kujerarsa da mutuncinsa, ya sauko masa da jinin nan, ya bar miki kaifin idonki.

Anti