Ni Na Sa Aka Goge Sunan Da Ta Zaɓa A Rajistar Aji

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku ji ni har ƙarshe. Ban yi boko mai zurfi ba, yadda abin yake a raina haka zan zubo shi.

A Hadayek el-Maadi muke zaune a Alƙahira, maigidana yana karatu, ni kuma daga kicin sai falo. 'Yar yayana tana wurina shekara biyu, tana wata makarantar koyon kwamfuta mai zaman kanta a Mohandessin. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, shi ya sa duk gidanmu ba mai iya faɗarsa, Ummi muke ce mata.

Ni kuwa Allah ya ba ni kunne. Ran nan ina soya albasa aka kira ta, ta ƙara muryar wayar, na ji wata Bamisriya ta ce "ya Khalid", ita kuma ta amsa har da kaurara murya. Wane Khalid? Saurayi ne? To me ya sa ita ke amsawa? Kwana uku ina kallonta ta wutsiyar ido. Da ta shiga wanka na laluba jakarta, wallahi ina jin kunyar faɗa, sai ga katin makaranta, hotonta ne, sunan Khalid ne.

Ban tambaye ta ba. Ni da ko kasuwa ba na zuwa ni kaɗai, na zura hijabi na hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, na nemo makarantar. Sakatariyar ta ba ni haƙuri ta ce, "Ma'alish ya madam, takardar shaida da sunan fasfo za ta fito, wannan na kiran suna ne a aji kawai. Har da kuka ta roƙe mu muka sa." Na ce khalas, magana ta ƙare, a goge, ni ce uwa a ƙasar nan. Da Larabcina ya ƙare sai na koma Hausa, ina ta faɗa, har da sunan ubanta da unguwarmu a Kano, a zatona ba mai ji. Ina juyowa sai ga wani ɗalibi a benci, baƙi irinmu, ya sunkuya yana danna waya. Bahaushe ne? Basudane ne? Bai gaishe ni ba, kuma rashin gaisuwar nan ce ta tsaya min a rai.

Washegari aka kira ta da sunan fasfo a gaban aji. Ta dawo ko ruwa ba ta sha ba. Bayan sati Yaya ya bugo: "Wai me nake ji a kan yarinyar nan? Ki haɗa mata kayanta, ƙarshen wata ina tafe." Na ce wa ya gaya maka? Ya ce ba ruwana. Saura wata huɗu fa ta gama!

Ummi kuma Salma take zargi da tona mata asiri, ƙawarta Basudaniya, ta yanke ta gaba ɗaya. Jiya ta zauna tana ɓare min tafarnuwa, ta gaya min komai da bakinta, ni kuma na yi kamar yau na fara ji. Ta ce, "Gwaggo, ku ma ai ba da sunan takarda kuke kirana ba. Ku kuka zaɓa min Ummi ba wanda ya yi faɗa, ni da na zaɓa sai ya zama tashin hankali? Ke kaɗai kika rage min, ki roƙar min Abba." Sai dai da ta faɗa ta daɗe tana kallona. Ko sakatariyar ta siffanta mata ni? Ko gwada ni take?

Har yanzu ban fahimci abin nan ba, bakina ma ya kasa kiran Khalid ɗin. Amma na san bakina ne ya tona ta, kuma ana zargin 'yar mutane a banza. In na faɗa mata gaskiya ba ta da kowa a garin nan, in na yi shiru da wane ido zan tsaya gaban Yaya in roƙar mata? Kwana goma sha ɗaya suka rage ya sauka. Jama'a, ni me zan yi?